Fayiloli Uku da Na Goge

A ofishinmu ba mai kiranta da sunan yanka. Sai-Na-Duba muke ce mata, don komai ka kai mata amsar ke nan. Ni na laƙaba mata sunan, ya kuma bi ta. A gabanta dai Yaya nake cewa, don ta girme ni da shekara goma, kuma a hannunta na koyi aikin.

Manhajar da muke yi ta masu rubuta manhaja ce. Kafin ta taɓa komai sai ta karanta fayil ɗin saiti, inda mai amfani da ita ke rubuta abin da yake so a yi da inda za a yi shi. Shekara tara Yaya na riƙe da ɓangaren da ke wannan karatu. Teburinta na ƙurya, gefen tagar da ba ta rufuwa, kullum da fulas ɗin shayi a kai. Ƙarfe huɗu take tashi, ta ɗauko 'yan biyunta daga makaranta, ta biya ta yi wa mahaifiyarta allurar ciwon suga.

Tana da wata folda da muke wa laƙabi da bola. Duk fayil ɗin saitin da ya taɓa rikita manhajar, a nan take adana shi, sun haura ɗari biyu. Duk gyaran da ka yi sai an gwada shi a kansu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta sa hannu.

Da masu amfani suka dame mu da ƙorafin cewa karatun na cin daƙiƙa uku, Oga ya ɗora mini aikin rage shi. Na zauna mako biyu na rubuta wa manhajar sabon mai karatun fayil ɗin saiti, karatun ya dawo ƙasa da rabin daƙiƙa. Kaina ya fasu. Sai dai da na gwada shi a kan bolar Yaya, fayiloli uku suka ƙi wucewa. A cikinsu an rubuta saiti ɗaya sau biyu. Nata mai karatun tsayawa yake ya ce a gyara, nawa kuwa na ƙarshen yake ɗauka ya wuce, kuma can ne wani sashe na saurin ya fito. Na ce a raina, wane mara aikin yi ne zai rubuta abu ɗaya sau biyu? Na goge ukun.

A makon an kwantar da mahaifiyarta a asibiti. Ranar da Yaya ta dawo ofis idanunta jajur, ta kalli allon kwamfutata.

"Duka sun wuce?"

"Duka, Yaya."

"To madalla, ƙanena."

Ta sa hannu. Tunda na san ta, ranar ce kaɗai ba ta ce sai ta duba ba.

Ashe sauri zai haifi nawa. Bayan kwana takwas wani kamfanin da ke amfani da manhajarmu ya kira. A fayil ɗin saiti ma'aikacinsu ya rubuta adireshin rumbun bayanai na gwaji a sama, ya manta bai goge na rumbun gaskiya da ke ƙasa ba. Manhajar ta ɗauki na ƙasan ba tare da ta ce uffan ba, ta share musu bayanan odar yini guda.

A ɗakin taro Oga ya buga tebur ya ce, "Wa ya sa hannu?"

"Ni ce," in ji Yaya.

Na buɗe baki, sai na ga kowa ita yake kallo, na mayar na rufe. Aka cire ta daga ɓangaren, aka mayar da ita rubuta littafin jagora a wani ɗan tebur kusa da injin fotokwafi. Ni kuma aka ba ni kujerarta.

Kwana goma ina zagayawa ta bayan matakala don kada mu haɗu. Na toshe kuskuren a ɓoye, amma kunya ta hana ni cin abincin kirki. Rannan dai da hantsi na je na tsaya a kanta, na fara zuba jawabin da na haddace.

"Yaya, ni ne na..."

"Na sani. Tarihin foldar na nuna wanda ya goge. Tun kafin taron na gani."

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na ce ka girma, kai za ka faɗa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce yanzu-yanzu zan je wajen Oga. Ba ta ce je ka ba, ba ta ce kar ka je ba. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Ukun nan, ka mayar da su?"

Ban mayar ba. Kwana goma ina tsara yadda zan wanke kaina a wurinta, ko sau ɗaya abin bai faɗo mini a rai ba.