Malama Salamatu da Kyandir ɗin da Aka Hana Ta

Kowace Asabar da hantsi, Malama Salamatu Istifanus takan share gindin ɗorawar da ke bayan cocinmu na Unguwar Barde, a ƙasar Doguwa, ta jera duwatsun zama, ta buga guntun garma sau uku. Yara su fito. Shekara talatin da huɗu ke nan tana koya wa 'ya'yanmu katekisim, wato karatun tushen addini, kuma ni da nake wannan rubutu ina cikin dattawan da suka danƙa mata aikin.

Idan damina ta sauka iyaye suka kwashe yara zuwa noma, ba ta zaman jira. Takan ɗauki fartanya ta bi su gona, ta kama kunyarta, tana jan Dokoki Goma suna amsawa. Bulus Maikeke ya taɓa ce mata, "Malama, har a gona ma ba za ki bar mu mu sarara ba?" Ta ce, "Ka samu 'yar ƙwadago kyauta, Bulus. Yi shiru ka ci riba." Kaltume, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga rugagen Falgore, ta gan ta tana haye rafi, ruwa iya ƙirji, littafi ɗaure a ka. Ta ce mini, "Baba, addininmu ba ɗaya ba ne, amma wallahi matar nan ko ruwa kunyarta yake ji."

A cocinmu akwai al'ada tun kafuwarsa. Ranar da yara za su karɓi Jibin Ubangiji karo na farko a bagade, wato teburin ibada, wanda ya koyar da su shi ke riƙe kyandir ya shigo gabansu, Fada, limamin coci, ya tambaya, "Wa ya shaida waɗannan?" shi kuma ya amsa. Haka aka yi wa marigayi Malam Ayuba. Haka aka yi wa Malam Habila, wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ba a taɓa tambayar ɗayansu takarda ba.

Bana kwamitin faris, mai kula da cocin yankinmu duka, ya kawo sabon tsari, cewa ba za a karɓi yaro ba sai wanda mai takardar shaidar horo ya koyar. Malama ba ta da ita. Aka yanke cewa yaranta goma sha tara su sake shekara guda a babban coci, tafiyar da babu uban da zai lamunta a tsakiyar noma. Duk wanda ya san ƙauye ya san ma'anar haka: yaran nan ba za su koma ba. Na tashi a taron na lissafa musu magabata ɗaya bayan ɗaya. Shugaban kwamiti ya ce, "Baba, wancan zamani ne." Na zauna.

Sai Malama ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, a jarraba su. In sun ci, a rubuta sunan Katekis Filibus a matsayin malaminsu, ai shi yana da takarda. Ni ba sunana za su karɓa a bagade ba."

Aka jarraba su. Duka goma sha taran suka ci. Aka rubuta sunan Filibus, aka ce shi zai riƙe kyandir. Filibus, wanda ita ta koya masa yin alamar gicciye a gindin ɗorawar nan, ya je gidanta kansa a sunkuye ya ce, "Mama, ba zan iya ba." Ta ce, "Za ka iya. Ka dai miƙe kyandir ɗin sosai, kada ya ɗiga wa 'ya'yana a riga."

Ranar bikin an gode wa kwamiti, an gode wa masu girki, an gode wa wanda ya ba da aron lasifika. Malama tana bencin ƙarshe cikin 'yan Zumuntar Mata, babu wanda ya ambace ta. Na halarci irin wannan biki fiye da sau arba'in, ban taɓa fita da kunya ba sai ran nan.

Malama, uwar ɗorawa, ke ce kika riƙe bangaskiya a garin nan a shekarun da Fada ke zuwa mana sau huɗu kacal a shekara. Ke ce kika sayar da girmanki domin yara goma sha tara su isa bagade. Mun gode miki, kuma mun yi miki laifi, har da ni da na zauna lokacin da ya kamata in ci gaba da tsayuwa.

Ga iyaye da matasa ina cewa, ku aiko da 'ya'yanku, kuma wani a cikinku ya zo ya koyi aikin nan tun tana da ƙarfin nuna masa. Ga kwamiti kuwa, tambayar da Fada ya yi tana nan, kuma ga amsarta a rubuce: Salamatu Istifanus ce ta shaida su.

Asabar da ta biyo baya na ji ƙarar garma sau uku. Na leƙa, na tarar Malama ta ƙara duwatsun zama huɗu.