Hanyoyin da na nemo wa Yaya

Yayana ne ya kawo ni London, shi ne kuma ya fara yi mini gorin tumbi. Yana zaune a Thamesmead da matarsa, ni ina Catford. Tun yana sakandare a Zariya yake gudu, bai daina ba har ya haura hamsin da biyar. Kullum bayan asuba sai ya bi gefen kogi ya je ya dawo, ko ana ruwa ko ana sanyi, sannan ya yi wanka ya tafi aikinsa na tuƙin bas. Ni kuwa ko bas na hango zai tashi ba na binsa da gudu, sai in tsaya in jira na baya.

Wata safiya ya faɗi a kicin, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Wata huɗu ya yi a asibiti. Gidansu a bene yake, hawa na uku, matarsa kuma ba za ta iya ɗaga shi ita kaɗai ba, sai council, wato ƙaramar hukuma, ta nema masa gidan jinya. Inda aka samu gado wani ƙauye ne a Kent. Daga Catford sai in shiga jirgin ƙasa, in sauka in jira bas ɗin da ke zuwa sau ɗaya a awa. Matarsa tana zuwa Laraba da Lahadi, ni na ɗauki Asabar.

Ƙauyen coci ɗaya ne, mashaya ɗaya, da ɗan shagon da ake rufewa da azahar. Tagar ɗakin Yaya tana kallon wani tudu mai tumaki, da layin bishiyoyi a samansa. Tun a watan farko matar da ke yi masa gashi da motsa jiki ta ja ni gefe, ta ce ƙafar nan ba za ta dawo ba, in ya kai ga tashi daga gado zuwa kujera da kansa mu gode Allah. Na faɗa wa matarsa, ta roƙe ni kada ya ji. Na yarda, domin ni ma ban san da wane baki zan faɗa masa ba.

Wata Asabar na tarar da shi ya ƙura wa tudun ido. Harshensa ya yi nauyi, sai ka matso kafin ka gane abin da yake cewa.

"In na tashi, can zan fara," ya ce. "Je ka duba mini hanya. Ba na son kwalta."

Na yi dariya na ce ni da gudu ina muka haɗu. Bai yi dariya ba. Mako na zagayowa na zo da sababbin takalma farare a cikin leda.

A nan na fara sanin cewa a ƙasar nan akwai hanyoyin ƙafa da suka ratsa ta tsakiyar gonakin mutane, kuma kowa yana da damar bi. Alamarsu 'yar kibiya ce ruwan ɗorawa a jikin gungume. Duk da haka da na buɗe ƙofar gonar farko sai na ji kamar sata na zo yi, ina ta waige. Ban yi minti biyar ina gudu ba ƙirjina ya ɗauki zafi. Na shiga wani fili mai shanu, suka biyo ni a hankali suna huci, na faɗa cikin taɓo har ƙwauri, wani ganye mai ƙaiƙayi ya gasa mini hannu. Wayata kuma babu sabis. A haka wani tsohon Bature mai kare ya same ni. Ina jiran ya tambaye ni me nake yi a nan, sai kawai ya ce in na ga shanu in daina gudu, in bi jikin shinge a hankali. Ya nuna mini hasumiyar cocin daga nesa, ya ce in sa ta a gaba, kuma shagon ƙauyen yana sayar da taswirar takarda.

Da na dawo, ma'aikaciyar jinya ta sa na cire takalman a waje. Na ba Yaya labari, ya yi dariya da rabin bakinsa har yawu ya zubo na goge masa. Rabonsa da dariya tun kafin ya faɗi.

"Shanun Turawa ma sun raina ka," ya ce.

Daga nan abin ya zama aikinmu. Sai in shimfiɗa taswirar a kan teburin gadonsa, ya riƙe fensir da hagu yana jan layi a karkace. Sharuɗɗansa da yawa: hanya ta zagaya ta dawo inda ta fara, kada ta soma da hawa, kada ta bi ta bayan gidajen mutane. In na dawo sai ya tsare ni da tambaya, ina ne taɓo, ina ne gangara, minti nawa na yi. In na ce hamsin sai ya ce shi talatin da biyar zai yi. Kafin tsakiyar shekara na samo masa hanyoyi huɗu: ta bayan coci, ta gonar alkama, ta cikin ɗan daji, da ta kan tudun nan na tagarsa.

Tumbina ya tafi, numfashina ya daidaita. Wata rana a saman tudun na tsaya, iska tana kaɗa ni, na ji daɗi ya rufe ni irin wanda na daɗe ban ji ba. Da na juyo na hango rufin gidan jinyar a ƙasa, sai kunya ta kama ni. Ranar na ƙara wa lokacina minti goma da na ba shi rahoto.

Wajen ƙarshen watan Agusta ya matsa sai na kai shi ya ga farkon hanyar da idonsa. Na kawo uzuri iri-iri, ya ƙi ji. Aka ba mu izinin awa ɗaya, na lulluɓe masa ƙafafu da bargo na tura shi a keken marasa lafiya. Muka wuce cocin, muka gangara wani lungu mai tsakuwa, yana ta gaishe da duk wanda muka haɗu da shi. Can lungun ya ƙare a jikin shinge.

Abin da ban taɓa yi masa bayani sosai ba shi ne, yawancin shingayen nan ba su da ƙofa. Katako biyu ne a gicciye, ka taka na ƙasa, ka taka na sama, ka ɗaga ƙafa ka haye. Ni na saba har na daina lura da su. Yaya ya daɗe yana kallon katakon. Ya tambaye ni irinsu nawa ne a wannan hanyar, na ce bakwai. Ya ce a mafi sauƙin fa, na ce uku. Sai ya yaye bargon, ya kama gwiwarsa ta dama da hannun hagu ya ɗaga ta. Ta ɗagu kaɗan, ya saki, ta koma ta daki ƙarfen keken.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun watan farko, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya ce in mai da shi. Har muka isa bai gaishe da kowa ba. Na nemi gafararsa, ya ce babu komai, ba ni na shanye masa ƙafa ba. Ya sa na naɗe taswirar na saka a durowa. Bayan nan in na shigo da kayan gudu sai ya tambaye ni lafiyar iyali, ya ce in ƙara masa ƙarar talabijin. A wajen motsa jiki ma ya daina ba ma'aikatan haɗin kai. Matarsa ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Da sanyi ya shigo ciwon ya sake buge shi, wannan karon ya tafi da maganar gaba ɗaya. Mun yi shawarar mai da shi gida ya kwanta cikin dangi, likita ya ce jikinsa ba zai ɗauki tafiyar jirgin sama ba.

Ban daina fita ba, domin ban san me zan yi da tsawon Asabar a gefen gadonsa ba. A watan Afrilun da ya wuce na yi nisa fiye da yadda na saba, na ci karo da wani tsohon layin dogo da aka cire ƙarafansa aka mai da shi hanya. Shimfiɗaɗɗiya ce, mai faɗi, babu shinge ko ɗaya, keke zai bi ta har ƙarshe. Na tambayi ma'aikatan ko za a bari in kai shi. Suka ce yanzu ba ya iya zama a keke fiye da minti kaɗan, kansa ba ya tsayuwa.

Duk da haka na zauna na faɗa masa, tun daga inda ta fara har gadar da ta ƙare. Ya kalle ni, idonsa na dama yana ruwa kamar yadda yake yi kullum, ban iya gane ko ya ji ba. Aka kawo abincinsa, na ba shi cokali shida ya kau da kai. Na goge masa baki, na yanke masa farce, na fita don kada bas ɗin ƙarfe huɗu ya wuce ni.