Gwangwanin Gishirin Inna

Shekara tara ke nan Auta bai kwana a wani gari ba, kuma ba don ba ya so ba. Mai gyaran firiji ne, ya iya aikinsa, har daga unguwanni masu nisa ake nemansa. Amma ko firijin wa ya mutu, sai dai ya jira bakwai na safe ta wuce, domin a lokacin Auta na tsaye a kicin yana soya wa mahaifiyarsa ƙwai. Furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma a gidan nan har gobe shi Auta ne.

A shekarar da Inna ta makance ne likita ya hana ta gishiri saboda hawan jini. Idon ta haƙura da shi, gishirin ne ta ce ba ta san zancen ba. Kwana uku tana ture kwano, har ta fara ramewa. Sai Auta ya ɗauki gwangwanin gishirin gidan, ya zazzage shi, ya zuba 'yan ƙwayoyin shinkafa, ya toshe hudojin murfin daga ciki. Ɗakin Inna jikin kicin yake, kunnenta kuwa ko faɗuwar allura ba ta wuce shi. Da safe ya zuba mai cokali ɗaya, ya bar albasa ta yi ja, ya fasa ƙwai biyu, ya rage wuta. Sannan ya kaɗa gwangwanin sau uku a kan kaskon. Inna ta cinye tas, har da suɗe yatsa.

Tun daga ranar ya ɗaure kansa da kansa. In wani ya soya, sai ta shinshina ta ce a ba kaji. Yayyensa su shida kowa na gidansa, sun ƙware wajen sa masa albarka ta waya, su kashe su ci gaba da harkokinsu. Yarinyar da ya so aura ta ƙi zaman gidan, ta gaji da jiran ya kama wani wuri, yanzu ɗanta na aji biyu. Auta na son uwarsa, kuma ya gaji har cikin ƙashi, bai san wa zai faɗa wa haka ba tare da an zage shi ba.

Sai ga wani kamfanin kifi a gari mai nisa yana neman wanda zai kula masa da ɗakunan sanyi. Karo na uku ke nan suna kiransa, suka ce in bai zo ranar Litinin ba, sun ɗauki wani. Babbar yayarsu, wadda ta gama aurar da 'ya'yanta, ta yarda ta dawo gidan. Mako guda yana koya mata, yana soyawa tana kallo, ita kuma tana tsokanarsa wai ƙwai biyu ya mayar kamar tiyata. Inna dai bai gaya mata komai ba. Ya ce in ta cinye na Yaya ba ta gane ba, sannan zai shiga ya yi mata sallama.

Ranar Litinin jakarsa na kafaɗa, mai tasi na jira a ƙofar gida. Ya laɓe a bakin ɗakin Inna yana kallo. Yaya ta soya, ta kaɗa gwangwani sau uku, ta kai. Inna ta ci a hankali har ta ga ƙarshen kwanon. Auta ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka.

Sai Inna ta goge baki, ta tambayi wanda ya kaɗa gwangwani yau. Yaya ta ce Auta mana, wa zai kaɗa?

"Ke tun kina yarinya ba ki iya ƙarya ba," in ji Inna. "Shi a hankali yake kaɗawa, kamar mai jin kunya. Ai shinkafa ce a ciki, na sani tun ranar farko. Ido na rasa, ba harshe ba."

Yaya ta tambaye ta me ya sa to take ci duk shekarun nan.

"In na ji ƙarar, na san yana gidan." Inna ta lalubi gefen katifa ta riƙe. Ba kuka, ba faɗa, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Ya tafi ne?"

A waje mai tasi ya danna ham. Yaya ta juyo tana yi wa Auta alama da hannu ya tafi, ya tafi kawai. Ya dubi ƙofar gida, taku goma ne bai fi ba. Ya dubi tsohuwar, ta karkata kunne wajen kicin tana jira.

"Ina nan, Inna," ya ce.

Ya sauke jakar a bayan ƙyaure, ya shiga kicin ya jiƙa kaskon kafin man ya daskare.