Laftof a Kan Banda

Ni ne wawan labarin nan, gara in faɗa da bakina kafin 'yan majalisarmu su riga ni su ƙara gishiri. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma tun da 'yata ta bar mini laftof ɗinta za ta bi miji Birniwa nake jin kaina wani babban sakatare. Na iya kunnawa, na iya kashewa. A unguwarmu wannan ma ilimi ne.

Abu ɗaya ne mai daraja a cikin laftof ɗin: muryar wana, Allah ya jiƙansa. Kafin ya kwanta ciwon ajali, 'yar tawa ta zaunar da shi ta naɗi maganarsa zama-zama, tun daga yadda kakanmu ya baro bakin Tafkin Chadi har zuwa iyakokin gonarmu ta fadama. Wanda bai san Haɗeja ba ba zai gane nauyin wannan ba. Ruwa kan zo ya shafe kunya da turke, ciyawar kacalla ta rufe saura, in ya janye kowa ya nuna iyakarsa da yatsa yana rantsuwa. Mu da 'ya'yan baffanmu mun daɗe muna ja a kan wani yanki, har muka yi ittifaƙi cewa in ruwan bana ya janye, a kunna muryar marigayi, abin da ya faɗa shi ke nan.

Sai ruwan ya shigo har ɗakina. Bai yi yawa ba, iya idon sawu, amma laftof tana ƙasan gado cikin jaka. Na ɗago ta tana ɗiga. Rana ba ta fito ba kwana biyu, sai na yi tunani irin na masana: me ke busar da jiƙaƙƙen abu a garin nan in babu rana? Banda. Maƙwabcina yana kyafa tarwaɗa, na roƙe shi gefe ɗaya, na buɗe laftof na kifa ta a kan ragar wayar da yake shanya kifin, nesa kaɗan da wuta don ni ba jahili ba ne. Har juya ta na yi, kamar yadda ake yi wa kifi.

Ta kuwa kama. Sai dai wani ƙas-ƙas-ƙas da take yi daga ciki, ta tsaya cak. Na yi mata abin da nake yi wa injin ban-ruwa in ya yi gardama: mari biyu a gefe, a kashe, a sake tayarwa. Kwana uku ina haka.

Mai gyaran da na kai wa a bakin kasuwa magidanci ne mai sanyin magana. Ya kwance ta, ya sunsuna, ya dube ni.

"Baba, gyara za a yi ko miya?"

Na ce masa ya yi aikinsa, ni na riga na yi taimakon farko. Ya ciro wani ɗan akwatin ƙarfe, ya ce sunansa had-dis, a ciki komai yake. Akwai faifai mai juyawa da allura a kansa. Ruwan bai kashe shi ba, hayaƙin ma da sauƙi. Marin ne, da yawan kunnawar. Duk sanda na tayar da ita, allurar tana kartar faifan, tana cinye maganar wana.

Ya jona had-dis ɗin da wata kwamfutar yana kwasar abin da ya saura a hankali, ya ce ba a yi masa gaggawa. Sati biyu ina hawa ɗan sahu in je in zauna a bencinsa, gwiwoyina suna ciwo, ina kallon wani layi kore da ba ya motsi. Tun ina tsokanarsa har na daina. Ruwa kuwa yana ta janyewa, 'ya'yan baffa sun fara aiko da gaisuwa mai tambaya a ciki.

Hotunan biki duk sun fito, har na mutanen da ban sani ba. Labarin Chadi ya fito, da tarin marigayi da kurɓar shayinsa. Zaman iyaka kuwa ga abin da muka ji: "Daga gorubar nan mai rassa biyu sai ka miƙe…" sai shuuu. Mai gyara ya sake gwadawa har ya gaji, ya zuba mini abin da ya samu a filas, ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta, ya ce in yi haƙuri.

Daga nan gidan yayarmu na wuce, babbarmu duka, wadda ta goye ni, idonta ya tafi amma kunnenta garau. Na zube a tabarmarta na ce, "Yaya, shi ke nan, iyaka ta bi mai ita. Daga goruba babu wanda ya san inda aka miƙe."

Ta gama tauna goronta tukuna.

"An miƙe zuwa tsohuwar rijiyar makiyaya, a karya gabas. Ni na riƙa kai wa Baba fura can, wan naka ma a bakina ya ji. Shekara nawa kana shigowa ɗakin nan ba ka tambaya ba? Ko sai an sa mini caji?"