Mai Leƙen Ƙofar Tasha

Wata budurwa ce durƙushe a bakin tsohuwar ƙofar tashar jirgi, ta tare hanya, gwiwarta duk ƙura. Tana bin sassaƙen katakon da ɗan madubin ƙara girma manne da wayarta, kamar mai neman kwarkwata. Ina jin iyayenta likita suka so ta zama.

"Ke, ba ki da aikin yi ne? Jirgi zai bar ni!" na ce mata.

"Mama, tsutsa ke cinye ƙofar, ceto muka zo. Leƙa ki gani."

Na leƙa don in ƙaryata ta. Ga ta kuwa a madubin, ƙatuwa, tana ci ba bismilla.

Jirgi ya tafi. Ga ni durƙushe, da jikokina a duniya, ina cewa, "Ɗan matsar da shi hagu."