Hucin Murfin Tanki

Yayana bakaniken babur ne, shekara talatin da ɗoriya yana wannan aiki, kuma babu mai kiransa da sunan yanka. Kunne ake ce masa. Shagona na ɗinki yana jikin rumfarsa, bango ɗaya muka haɗa, don haka ni ganau ne, ba jiyau ba.

Shi ba ya fara aiki da sifana. Sai ya ce a tayar da babur, ya rufe ido, ya karkata kai, sannan ya faɗi ciwon. Tun babur yana shan kwanar layinmu yakan ce, "Wannan sandar giyarsa ta saki, haƙoranta sun cinye." In an duba, haka ne. Ga shi da baƙar magana. Sauran kanikawa mahauta yake ce musu, wai sai sun farke ciki suke sanin abin da ke ciki. Ni ma yakan leƙo ya ce keken ɗinkina yana kukan mai, kuma abin haushin shi ne bai taɓa kuskure ba.

Shi ya koya mini cewa murfin tanki yana da 'yar huda da iska ke shiga. In ta toshe, fetur ba ya sauka, babur ya mutu a hanya, kuma da ka buɗe murfin sai ka ji huci. Allurata yake ara ya buɗe ta.

Bara abin ya soma. Rediyonsa ya ƙara ƙarfi, sallama kuma sai an yi sau biyu. Matarsa ta same ni a shago ta ce, "Don Allah kada ka faɗa masa. Mu dai mu riƙa ɗaga murya." Na yarda. Duk layin muka yarda, har mai faci da ba sa ga maciji da shi. A ganinmu tausayi ne.

Sai ga wani mai kai burodi shaguna. Baburinsa in ya ɗan yi nisa sai ya shaƙe ya mutu. Yaya ya rufe ido, ya karkata kai, ya ce kafireto ne, ya wanke. Washegari mutumin ya dawo yana turawa. Yaya ya ce fulogi, ya canza. Rana ta uku babur ya mutu a bakin layi, mutumin ya turo shi ya jiƙe da gumi, burodin ya sha rana a akwati.

Yaya ya buɗe murfin don ya duba mai. Har cikin shagona na ji hucin. Hannuna ya kai kan allura, amma na kasa tashi. Ina kallo ya rufe murfin, ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya ɗauki sifana zai farke injin.

Mai burodi ya ce, "Baba, wai wannan hucin ba komai ba ne?"

"Me ka ce?"

Mai burodin ya ɗaga murya. "Hucin da tankin yake yi in an buɗe. Kullum sai ya yi. Na ɗauka ka ji, shi ya sa ban faɗa ba."

Yaya ya daɗe yana duban murfin. Ya ajiye sifanar, ya zo ƙofata ya miƙo hannu. Na ba shi allurar. Aikin bai kai minti biyar ba, babur ya tafi bai sake dawowa ba.

Da ya maido allurar sai ya tsaya, idonsa a kan bakina.

"Tun yaushe kuke ɗaga mini murya?"

"Tun bara, Yaya."

"Shekara guda ina yi wa mutane aiki da ka, kuna kallo."

Har yau ina jin kunyar wannan rana.

Yana buɗe rumfar har yanzu. Juyen mai yake yi, da ɗaure sarƙa, aikin da a da yake raina masu yinsa. In an kawo babur mai ciwon ciki, sai ya nuna rumfar ɗaya daga cikin mahautan nan nasa. Ya daina rufe ido, ya kashe rediyon. Mutane ba su daina ce masa Kunne ba. Ko ka tsaya a gabansa yana ganin bakinka, ba ya amsawa.