Tumatir a Hannun Mai Kilishi

Jiya na dawo daga kasuwar Mafara da kwandunan tumatirina yadda na kai su. Bana ruwan madatsar Bakolori ya yi wa kowa albarka, tumatir ya cika kasuwa, ko mai tayawa babu. Na jibge su a ƙofar gida, na zauna na yi tagumi.

Sai ga Kawu Ige, maƙwabcinmu mai kilishi. Bayan mun gaisa, ya tsuguna yana ware mai ruwa daga mai tsoka.

"Mai ruwan a kai ma mata su yi miya. Wanga mai tsoka kau, kawo wuƙa."

Na ce, "Kawu, kafin jibi duk ya ruɓe fa."

Ya yi dariya. "Ɗana, nama ma da ba ya kwana mun koya mishi haƙuri, bare tumatur?"

Yanzu haka gadon karan da yake shanya kilishi ya yi jawur da tumatirina, an yayyanka an barbaɗa gishiri, rana tana aikinta.

Jiya asara nake kallo, yau miyar damina nake kallo. Ku fa, yaya kuke yi da naku idan ya yi yawa?